Daga Kanti Zuwa Fagen Gasa: Tarihin Wasan Katin Tarawa a Shagunan Unguwa

Yau zancen karta za mu yi, amma wata iri ce dabam da wadda muka saba. Duk wanda ya zauna a nan Kudu, Agege ce ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, ya san Whot, ya san yadda ake ihun "pick two" da "general market" a bayan rumfar mai shayi idan kasuwa ta lafa. Da yawa cikinmu sun ɗauka wasan na 'yan Nijeriya ne, alhali kuwa wani Bature ne, William Henry Storey, ya ƙirƙiro shi a Ingila a 1935, mutanen ƙasar nan suka karɓe shi har ya zama kamar nasu. Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe game da Whot: kwali ɗaya ne mai kati 54, kuma daga cikinsa ake raba wa kowa. Idan mai canji ya zauna da yaronsa, duk kuɗin maigida ba zai sayo masa kati na 55 ba.

To akwai wani nau'in wasan kati da ya ɓulla a Amurka a 1993 wanda ya karya wannan ƙa'ida. A cikinsa kowane ɗan wasa da nasa damin katin yake zuwa, wanda ya saya da kuɗinsa, ya zaɓa da hannunsa, ya haɗa da dabararsa. Na kira shi wasan katin tarawa, domin kuwa tarawa ake yi ana musaya, kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. Fitattu a cikin irin waɗannan wasanni su ne Magic: The Gathering da Pokémon da Yu-Gi-Oh, kuma biyun ƙarshen 'ya'yanmu sun san sunayensu ta hanyar katun ɗin talabijin. Tarihin wannan wasa, a iya fahimtata, tarihin ƙaramin shago ne. Kamfanoni ne ke buga katin, masu kuɗi ne ke jan hankalin jaridu da farashin da suke saye, amma teburin da ke ƙuryar shagon unguwa shi ya riƙe abin sama da shekara 30.

Asalin abin

Tara kati ya girmi wasa da shi nesa ba kusa ba. Tun cikin shekarun 1880 kamfanonin taba a Amurka suke saka ɗan kwali a cikin fakitin sigari don kada ya lanƙwashe, sai suka ga dacewar su buga hotunan 'yan wasa da 'yan rawa a jikinsa. Daga baya masu cingam suka gaji dabarar, musamman kamfanin Topps cikin shekarun 1950. A Italiya kuma 'yan gidan Panini na garin Modena suka fara nasu da hotunan 'yan ƙwallo a 1961, suka kai ga na gasar cin kofin duniya a 1970. Duk waɗannan tarawa ake yi a liƙa a littafi ko a yi musaya da aboki. Ba wani wasan kirki da ake bugawa da su.

Wanda ya haɗa tarawa da wasa shi ne Richard Garfield, ɗalibin lissafi da ke neman digiri na uku a Jami'ar Pennsylvania. A 1991 ya je wajen wani mai suna Peter Adkison, ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Boeing, wanda ya kafa ɗan ƙaramin kamfanin wasanni mai suna Wizards of the Coast a ɗakin ƙasa na gidansa kusa da birnin Seattle. Garfield wani wasa dabam ya kawo talla, mai suna RoboRally. Adkison ya ga jarinsa ba zai ɗauki wannan ba, sai ya nemi a kawo masa wani abu mai arhar bugawa, mai sauƙin ɗauka a aljihu, wanda mutum biyu za su gama cikin 'yan mintoci. Abin da Garfield ya dawo da shi shi ne Magic.

An buga katin a ƙasar Beljiyam, a kamfanin Carta Mundi, aka fitar da shi a watan Agusta na 1993, aka kai shi babban taron masu wasanni na Gen Con a birnin Milwaukee. Bugun farko kati iri 295 ne, jimillarsu kamar miliyan 2.6. Aka ƙara bugu na biyu na fiye da miliyan 7, shi ma kafin shekara ta ƙare babu shi a kasuwa.

Yadda wasan yake a taƙaice: mutum biyu ne ke karawa, kowa yana farawa da maki 20, wanda aka cinye masa nasa ya faɗi. Wasu katunan na ƙasa ne, su ne tamkar jarin da kake kashewa a kowane zagaye don ka sauke sauran katunan, wato dakaru da makamai da dabarun tare hari. Katunan sun kasu launi biyar, fari da shuɗi da baƙi da ja da kore, kowanne da halinsa. Ana sayar da su ne a rufe, a cikin ɗan fakiti mai kati 15 a wancan zamanin, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yage. Mafi yawa na gama-gari ne, ɗaya tak ne mai wuyar samu. Mai karatu ya lura da wannan rufaffen fakiti, domin duk wata rigima da za ta biyo baya daga cikinsa ta fito.

Garfield ya yi zaton kowane yaro dami ɗaya zai saya da fakiti biyu ko uku, a yi ta wasa tsakanin abokai. Shi ya sa bai damu ba da ya saka wasu katuna masu ƙarfin gaske, irin su Black Lotus, don a lissafinsa da wuya a samu fiye da ɗaya a unguwa guda. Har ma ya sa dokar zubi: kafin a fara, kowa ya zare kati ɗaya daga daminsa ba tare da ya zaɓa ba ya ajiye a tsakiya, wanda ya ci ya kwashe. Nufinsa katuna su riƙa zagayawa daga hannu zuwa hannu. Lissafin malamin lissafi bai ci ba. Mutane kwali-kwali suka riƙa saye, wanda ya fi kuɗi ya cika daminsa da katuna masu ƙarfi ya riƙa gamawa da abokin karawarsa tun a zagayen farko. Ita kuwa dokar zubi, kowa ya kalle ta ya san sunanta caca. 'Yan wasa suka ƙi ta, kamfani ya ji tsoron dokokin caca na jihohi da ƙasashe, aka haramta ta a gasa. Katin ƙarshe da ya ambaci zubi a 1995 aka buga shi.

Yadda shago ya shigo ciki

A lokacin da Magic ya fito, shagunan da suka fara karɓarsa su ne masu sayar da littattafan barkwanci na zane, irin na su Superman da Spider-Man, da masu sayar da kayan wasannin tebur. Su ma a lokacin suna bakin rami. Farkon shekarun 1990 mutane sun yi ta sayen waɗannan littattafai ba don karatu ba sai don su ɓoye su sayar da tsada nan gaba, kamfanoni suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa, kasuwar ta fashe daga 1993, shaguna da yawa suka rufe, har shi kansa kamfanin Marvel ya bayyana karyewa a Disamba 1996. Da dama daga cikin waɗanda suka tsira, katin Magic ne ya biya musu kuɗin haya.

Amma kati ya sha bamban da littafi. Wanda ya sayi littafi gida zai tafi ya karanta shi kaɗai. Wanda ya sayi kati kuwa sai ya sami abokin karawa, kuma wurin da ya fi tabbacin samunsa shi ne inda ya saya. Yara suka fara zama a ƙasa a bakin kanta suna bugawa. Mai shago mai hankali ya ture kwalaye gefe ya ajiye tebur da kujeru. Wanda ya ƙi, ya ga yaran sun koma shagon da ke da tebur, da kuɗinsu. Haka kawai abin ya faro, ba wani taro da aka yi aka tsara shi.

Da zarar baƙi biyu da ba su san juna ba za su kara, dole a sami doka. Kamfanin ya kafa hukumar shirya gasa da aka fi sani da DCI, wadda a farkon 1994 ta fitar da ƙa'idojin da har yau su ne ginshiƙi: dami kada ya gaza kati 60, kada kati iri ɗaya ya wuce kwafi 4 in ban da katunan ƙasa na asali, sannan ga jerin wasu katuna da aka taƙaita zuwa ɗaya tak ko aka hana gaba ɗaya. Aka bai wa kowane ɗan wasa lambar rajista, aka aro tsarin auna gwaninta na Elo daga masu wasan darar Turawa ta chess, ta yadda sakamakon da yaro ya samu a wani ƙaramin shago zai shiga babban kundi guda da na kowa. A watan Agusta na 1994 aka yi gasar duniya ta farko a Milwaukee, Ba'amurke Zak Dolan ya doke Bafaranshe Bertrand Lestrée a wasan ƙarshe.

Shekarar kwantai

Wannan ɓangaren 'yan kasuwarmu za su fi kowa gane shi. A shekarar farko kaya ba sa isa. Mai shago ya nemi kwali 50 a ba shi 5. Sai kowa ya koyi dabara: idan 10 kake so, ka rubuta 100. A ƙarshen 1994 kamfanin ya fitar da sabon rukunin kati mai suna Fallen Empires, wannan karon kuma ya cika wa kowa abin da ya rubuta, kati sama da miliyan 300. Masu shago da 'yan sari suka wayi gari da tulin kayan da suka nema da bakinsu amma ba su da masu saye. Kaya suka yi kwantai, aka yi shekaru ana karyar da su a wulaƙance. A daidai wannan lokaci wasu kamfanoni suka ga ana samu, suka yi ta fito da nasu wasannin kati barkatai a 1994 da 1995, mafi yawansu ba su yi ƙarko ba, asarar kuma a kan kantar mai shago ta tsaya.

Sai ga kuskure na biyu a 1995. Don a sauƙaƙa wa sababbin shiga, kamfanin ya sake buga tsofaffin katuna masu tsada a wani rukuni mai suna Chronicles. Farashinsu ya zube dare ɗaya. Masu tarawa da masu shagon da suka zuba jari a ciki suka yi ca. Don a lallashe su, a 1996 kamfanin ya fitar da jerin katunan da ya yi alkawarin ba zai sake bugawa ba har abada. Wannan alkawari ya kwantar da ƙura a lokacin, amma shi ne ya mai da wasu 'yan kwalaye tamkar filaye a Ikoyi. Black Lotus na bugun farko, wanda kwafinsa kamar 1,100 ne kacal, an sayar da guda ɗaya a kan dala 511,100 a Janairun 2021. Wasan da ake bugawa da irin waɗannan tsofaffin katuna ya zama na 'yan tsiraru.

Mafitar da aka samo wa talaka ita ce a raba fage. Daga 1995 aka ƙirƙiro rukunin gasa wanda katunan 'yan shekarun baya-bayan nan kaɗai ake yarda da su, tsofaffi suna fita sababbi suna shiga. Wanda ya fara wasa bana ba ya bukatar katin 1993. A nan kam sai a yaba, amma kada mai karatu ya ɗauka tausayi ne zalla. Dokar da ta hana tsohon ɗan wasa danne sabo da tsohon kati, ita ce kuma ta wajabta wa kowa komawa kanti duk shekara ya sake saye. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

A Fabrairun 1996 aka buɗe gasar ƙwararru mai suna Pro Tour a birnin New York, Michael Loconto ya ci ya tafi da dala 12,000. Manufar a fili take: a nuna wa iyaye da hukuma cewa wannan wasan basira ne kamar chess, a kuma ba yaron da ke bugawa a shagon unguwa wani tsani da zai riƙa hange. Kuma gaskiya sakamakon ya goyi bayansu. Da sa'a ce kaɗai ke aiki, da ba a sami mutum ɗaya kamar Bajamushe Kai Budde ya ci wannan gasa har sau 7 ba, ko Ba'amurke Jon Finkel ya yi ta kaiwa zagayen ƙarshe shekara da shekaru.

Daren Juma'a

Ƙwararrun duniya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Abin da ya shafi dubban mutane shi ne shirin da kamfanin ya shigo da shi wajen shekarar 2000, mai suna Friday Night Magic, wato gasar daren Juma'a a kowane shagon da ya yi rajista. Kamfani ya aiko wa mai shago wasu katuna masu ƙyalli na musamman da ba a sayarwa, ya raba a matsayin kyauta. Mai shago ya ba da wuri da wuta da kujeru, ya karɓi ɗan kuɗin shiga.

Tsarin gasar shi ne abin da ya fi burge ni. Ba irin na 'yan ƙwallo ba ne da ake cewa wanda aka ci ya tafi gida. An aro tsarin da masu chess suka fara amfani da shi a birnin Zurich na Suwizalan a 1895: kowa zai buga duk zagayen, bayan kowane zagaye a haɗa wanda ya ci da wanda ya ci, wanda ya faɗi da wanda ya faɗi. Idan mutum 16 suka zo, zagaye 4 ya isa a fitar da gwani. Kowace karawa wasa uku ce, wanda ya riga cin biyu ya yi nasara, ana ba da minti 50, nasara maki 3, kunnen doki maki 1. Amfanin wannan shi ne, sabon shiga da aka lallasa a zagayen farko, kafin dare ya raba zai sami daidai da shi, wataƙila ma ya ci ɗaya ya koma gida da fara'a. Wanda ya koma da fara'a kuwa zai dawo mako mai zuwa. Akwai alƙalin wasa, sau da yawa shi mai shagon ne ko wani tsohon ɗan wasa da ya ci jarrabawar dokoki, kuma a wannan mataki aikinsa ya fi karkata ga koyarwa a kan hukunci. Abubuwan da ba a sassauci a kansu su ne maguɗi wajen gauraya kati, da ba da toshiya don a bar maka wasa, da yin fare a kan sakamako.

Akwai kuma wani salo da ya kusa mayar da abin ga adalcin Whot. Mutum 8 su zauna a tebur ba wanda ya zo da katinsa, a ba kowa rufaffen fakiti 3. Ka buɗe na farko, ka zaɓi kati ɗaya, ka miƙa wa na kusa da kai sauran, kai ma a miƙo maka na wani, haka har su ƙare. Daga abin da ka tsinta za ka haɗa dami mai kati 40 ka shiga fage. A nan ɗan attajiri da ɗan mai gadi kuɗi ɗaya suka biya, abin da zai raba su shi ne sanin abin da za a ɗauka da karanta abin da maƙwabci ke ɗauka. A ganina wannan ne mafi kyawun abin da wasan ya haifar.

To me mai shago ke samu? A kuɗin shiga kusan ba komai, don mafi yawansa a kyaututtuka yake komawa. Tebur kuma yana cin wurin da za a iya jera kaya, a garuruwan da haya ke da tsada. Ribar tana zuwa ne ta bayan gida: fakitin da za a saya don an zo, lemo da ɗan abin taɓawa, rigar leda da ake sa wa kati, sannan uwa uba cinikin kati ɗai-ɗai. Mai shago ya sayi kati a hannun ɗan wasa da rahusa, ya sa a gilashi ya sayar wa mai nema. Shi ne kuma mai tantance na gaske da jabu, ya ɗora gilashin ƙara girma a kan ɗigon tawada, ya haska tocila ta bayan katin ya ga yadda haske ke ratsawa. Wanda ya san tsarin maigida a zangon Sabo, yadda fatake masu shanu da masu goro ke sauka a gidansa ya ba su masauki, ya tsaya musu a ciniki, abincinsa kuma ya fito daga la'ada, ba zai sha wahalar gane wannan ba. Masaukin kyauta ne, amana ce jarin. A 2008 kamfanin ya ƙara ɗaure wannan alaƙa, ya kafa ƙungiyar shagunan da ya amince da su, ya kuma mayar da bikin buɗe sababbin katuna daga manyan zauruka zuwa shagunan unguwa, inda ake samun katin kafin ya shiga manyan kantuna.

Pokémon da tambayar caca

Japan ta shigo da ƙarfinta. Katin Pokémon ya fito can a Oktoban 1996, Wizards of the Coast ta sami izini ta fitar da shi da Turanci a farkon 1999, kuma kuɗin da ya shigo ya sa kamfanin kayan wasan yara na Hasbro ya saye Wizards ɗungurungum a wannan shekarar a kan dala miliyan 325. A 2003 izinin ya koma hannun masu Pokémon ɗin. (Abin sha'awa, kamfanin Nintendo da ke cikin masu shi, da sana'ar buga karta ya fara a birnin Kyoto tun 1889.) Yu-Gi-Oh kuma, wanda ya samo asali daga labarin zane na Kazuki Takahashi, kamfanin Konami ya fitar da katinsa a 1999, zuwa 2009 an sayar da sama da biliyan 22.

Bambancin shi ne waɗannan yara ƙanana suka kama, 'yan firamare. Makarantu da yawa a Amurka da Ingila suka hana shiga da katin saboda faɗa da sata da cutar ƙanana a musaya. A 1999 wasu iyaye a Amurka suka kai ƙara cewa rufaffen fakiti caca ce aka sake wa riga: ka biya kuɗi, ka dogara da sa'a, ko ka sami abu mai tsada ko ka tashi a tutar babu. A 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yi watsi da irin waɗannan ƙararraki, a kan cewa mai saye ya sami abin da ya biya, wato fakitin kati da damar dacewa, kuma ɓacin ran rashin dacewa ba asarar dukiya ba ce a idon doka. A Maris na 2001 kuwa hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta Pokémon, cikin dalilanta har da kamanceceniya da caca.

Ra'ayina a nan, ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Zaman tebur, inda mutum biyu ke auna dabara ba tare da zubi ba, bai fi dara ko ludo laifi ba, kuma yana koyar da lissafi da haƙuri da karɓar kaye a gaban jama'a. Inda gizo ke saƙar shi ne rufaffen fakiti. Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama, wannan kuwa biri ne a cikin leda. Kotun Amurka ta amsa tambayar doka, ba ta amsa tambayar uban da ɗansa ke kashe kuɗin tara a kan fakiti bayan fakiti yana neman kati ɗaya ba. Su kansu gogaggun 'yan wasa shawarar da suke bai wa sabo ita ce ya je gilashin mai shago ya sayi katin da yake bukata a farashin da ya gani da idonsa. A 2018 ƙasar Beljiyam, wadda a cikinta aka buga katin Magic na farko, ta yanke cewa irin wannan rufaffen akwati a cikin wasannin kwamfuta caca ne, amma na takarda ba a taɓa shi ba.

Bayan 2020

Shekaru goman da suka wuce sun gwada shagon unguwa ta kowace fuska. Cinikin intanet ya karya farashin kwali ta yadda ƙaramin mai shago ba zai iya gogayya ba. A 2018 kamfanin ya buɗe wa jama'a Magic Arena, inda ake buga wasan a kwamfuta ba sai an fita ba. A 2019 ya fara sayar da wasu katuna kai tsaye ga masu saye, ya tsallake mai shago, ya kuma rushe tsohon tsarin Pro Tour ya koma ga wani na 'yan ƙalilan da ake biya albashi ana nuna su a intanet. Sai annobar korona ta zo a Maris 2020 aka dakatar da gasa a shaguna, a Amurka ba a dawo ba sai ƙarshen Mayun 2021.

Abin mamaki, a wannan zaman gida ne farashin kati ya yi tashin gwauron zabo. Mutanen da ba su taɓa buga wasa ko sau ɗaya ba suka shigo da kuɗi. Wani tauraron YouTube, Logan Paul, ya sayi katin Pikachu guda ɗaya a kan dala miliyan 5.275 a 2021. A Mayun wannan shekarar babban kantin Target ya dakatar da sayar da katin Pokémon da na 'yan wasanni a rassansa, bayan wata rigima a kan kati a jihar Wisconsin da har aka zaro bindiga. A 2023 mawaƙi Post Malone ya sayi wani katin Magic da aka buga kwafi ɗaya tak a duniya a kan kimanin dala miliyan 2. Yaron da ke son ya buga wasa ya rasa fakiti a kanta, don masu ɓoye kaya sun riga shi. Duk wanda ya tuna abin da ya sami littattafan barkwanci a 1993 ya san irin wannan kasuwa.

Su ma kamfanonin alama ta nuna sun tuna. Salon da ya fi farin jini a shaguna a 'yan shekarun nan, mai suna Commander, ba kamfani ne ya ƙirƙiro shi ba, wasu 'yan wasa ne a jihar Alaska, mutum 4 a tebur kowa da kati 100 ana wasa ana hira, sai a 2011 kamfanin ya fara buga masa kaya. Wani sabon wasa daga New Zealand mai suna Flesh and Blood ya fito a 2019 da manufar a riƙa buga shi ido da ido. Da Disney Lorcana ya fito a Agustan 2023, shagunan unguwa aka fara bai wa kaya, manyan kantuna suka jira mako biyu. Masu Pokémon ma ƙananan gasanninsu da ake tara makin zuwa gasar duniya a shaguna ake yin su, an raba yara da matasa da manya kowa da ajinsa.

Wizards kuwa ta soke tsarin 'yan albashin nan, ta dawo da Pro Tour a Fabrairun 2023 a birnin Philadelphia, inda aka haifi Garfield, Reid Duke ya ci. Hanyar kaiwa can da aka shimfiɗa tun 2022 hawa uku ce: gasar duniya da Pro Tour a sama, gasar yanki a tsakiya, matakin farko kuma gasar share fage da ake bugawa a shagon unguwa, inda wanda ya zo na ɗaya a ranar yake karɓar takardar gayyata.